Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

A watan Oktoban 2021, Josh Renaud, ɗan jarida a St. Louis Post-Dispatch da ke jihar Missouri ta Amurka, ya shiga shafin intanet na ma'aikatar ilimi ta jihar, inda ake duba takardun shaidar malaman makaranta. Ya yi abin da kowace burauza ta ba kowa damar yi, wato ya leƙa rubutun da ke ƙarƙashin shafin. A can ya tarar da lambobin shaida na malamai da ma'aikata fiye da 100,000, irin lambar da a Amurka ta haɗa aikin NIN da na BVN, wadda da ita ake biyan haraji, a ci bashi, a buɗe asusun banki. An ɗan juya lambobin da wani salon rubutu da kowane ɗalibin kwamfuta zai iya warwarewa, amma ba a kulle su da komai ba. Jaridar ta sanar da ma'aikatar, ta kuma riƙe labarin har sai da aka toshe kafar.

Tukuicin da gwamnan jihar, Mike Parson, ya bayar shi ne ya kira taron manema labarai, ya ce ɗan jaridar ɗan kutse ne, ya kuma sa 'yan sandan jiha su bincike shi. Sai a Fabrairun 2022 mai gabatar da ƙara ya ce ba zai tuhume shi ba. Wata huɗu mutum yana zaman zullumi saboda ya ce wa gwamnati ta gyara kayanta.

Halin gwamna Parson shi ne halin mafi yawan masu mulki da shugabannin kamfanoni a duk inda aka nuna musu tsaguwar bangonsu. Suna barin jaki su daki taiki. Abin da ke ba su wannan dama kuwa shi ne kalma guda da aka lalata, har ta kai ɓarawo da mai gaya wa jama'a cewa ƙofa a buɗe take suna amsa suna ɗaya. Wannan kuskure yana da tsada, kuma talakan da bayanansa ke hannun wasu shi ke biya.

Asalin kalmar

Kalmar Turanci hacker, wadda ake fassarawa da ɗan dandatsa ko mai kutse, ba a gidan yari aka haife ta ba. A jami'ar MIT da ke Amurka, a shekarun 1950, akwai ƙungiyar ɗalibai masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo. Wasu daga cikinsu ba jiragen ne suka dame su ba, wayoyin lantarki da maɓallan da ke ƙarƙashin teburin su ne abin sha'awarsu. Duk wata dabara mai kaifi da aka warware matsala da ita, suna kiran ta hack. Da kwamfutar TX-0 ta zo jami'ar, daga bisani kuma PDP-1 a 1961, sai waɗannan ɗalibai suka koma kansu, suna kwana suna rubuta manhajoji, suna ajiye su inda kowa zai ɗauka ya gyara ya ƙara. A 1962 suka samar da Spacewar!, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko, ba su kuma sayar wa kowa ba.

A 1984 ɗan jarida Steven Levy ya rubuta tarihinsu a littafinsa Hackers, ya tattara aƙidar da suka rayu a kanta ba tare da sun taɓa rubuta ta ba. Taƙaitonta shi ne a bar mutum ya sa hannu a na'ura, ya buɗe cikinta ya fahimce ta. Kada a kulle ilimi. A yi hattara da duk mai son tara iko a wuri guda. A auna mutum da aikin hannunsa, ba da takardar shaidarsa, shekarunsa, launin fatarsa ko muƙaminsa ba.

A daidai wannan lokaci ne kalmar ta fara wari. Fim ɗin WarGames na 1983 ya nuna yaro yana kusan tayar da yaƙin nukiliya daga ɗakin barcinsa, jaridu suka ɗauka, majalisar dokokin Amurka kuma ta yi dokar laifukan kwamfuta a 1986. Da kalmar ta iso kafafen yaɗa labarai na Hausa, da wannan warin ta iso. Yau ana yi wa ɗan Yahoo mai damfarar tsohuwa, da mai garkuwa da bayanan asibiti, da injiniyan da ya gano rauni a manhajar banki kuɗin goro, duk masu kutse ne.

Wanda ke wannan kuɗin goro, sau da yawa a wayar da 'yan dandatsa suka gina yake rubuta shi. Wajen 1980, Richard Stallman na ɗakin binciken MIT ya nemi asalin rubutun manhajar wata na'urar buga takardu ta Xerox da ke yawan cushewa, don ya sa ta riƙa sanar da mutane idan ta tsaya. Aka hana shi. Wannan hani na cikin abin da ya sa a 1983 ya shelanta aikin GNU, na gina babbar manhaja wadda kowa ke da 'yancin karantawa, gyarawa da rabawa. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan da ya rage, wato Linux. A kan Linux aka gina Android. Mafi yawan wayoyin da ke aljihun mutane daga Kano zuwa Damagaram, da kaso mai yawa na manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet, 'ya'yan wannan aƙida ne.

Lokacin da na'ura ta fara ƙarya

Masu cewa wannan tarihi ne da ya wuce ba su lura da inda manhaja ta kai ba. A zamanin ɗaliban MIT, kwamfuta na zaune a ɗaki guda. Yanzu tana cikin mota, da tarakta, da mitar lantarki, da na'urar zaɓe, da injin da ke bugun zuciyar majinyaci. Wanda ya rubuta manhajar shi ke da iko a kan na'urar, ko da wani ne ya saye ta da kuɗinsa. Idan kuma doka ta hana kowa duba manhajar, to ta ba mai rubuta ta lasisin yin abin da ya ga dama a ɓoye.

Kamfanin Volkswagen ya nuna yadda ake amfani da wannan lasisi. Ya sa wa motocinsa masu amfani da dizal manhajar da ke gane lokacin da ake gwada su, sai ta rage hayaƙi mai guba. Da zarar sun hau titi sai hayaƙin ya ninka, har sau 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka fara ganin alamar, da suka auna hayaƙin a kan hanya maimakon ɗakin gwaji. A Satumban 2015 asiri ya tonu, kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 ne a duniya ke ɗauke da manhajar.

A Polan, a 2022, wasu jiragen ƙasa ƙirar kamfanin Newag suka ƙi tashi bayan an yi musu gyara a garejin wani kamfani daban. Injiniyoyi suka duba komai, ba su ga abin da ya lalace ba. Da abin ya gagara, garejin ya ɗauki hayar 'yan dandatsa na ƙungiyar Dragon Sector, suka kwance manhajar jiragen. Abin da suka bayyana wa duniya a Disamban 2023 shi ne cewa an rubuta a cikinta jirgi ya kulle kansa idan ya daɗe a tsaye, ko idan ya daɗe a wasu wurare da aka ƙayyade da GPS, wuraren kuwa garejojin abokan hamayya ne. Newag ya musanta, ya kuma kai masu binciken kotu da zargin keta haƙƙin mallaka. Ko me kotu za ta yanke, jiragen da kuɗin jama'a ya saya sun koma ɗaukar fasinja ne saboda wasu sun leƙa inda aka ce kada a leƙa.

Manoman Amurka sun daɗe a irin wannan hali da taraktocin John Deere, waɗanda wasu gyare-gyarensu ba sa kammaluwa sai dillalin kamfani ya zo da kwamfutarsa. Ta kai wasu na sayen manhajar da aka fasa a Yukren don su gyara abin da suka saya da guminsu, kafin hukumar kare ciniki ta Amurka ta kai kamfanin kotu a Janairun 2025. Duk wanda ya san kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Panteka a Kaduna, ya san me ake nufi da wannan. Rayuwar dubban matasa a can ta dogara ne a kan buɗe abin da aka ƙera a wata ƙasa, a gane shi, a tsawaita kwanansa. Yayin da kamfanoni ke ɗaure kowane sashe na na'ura da manhaja, har iPhone na nuna gargaɗi idan aka sa mata batir ko allon da Apple bai tantance ba, sana'ar mai gyara ce ake yi wa zagon ƙasa. Mai gyaran waya a Farm Centre ya fi kusa da ɗaliban MIT na 1959 a ɗabi'a fiye da duk wani ɗan damfara da ke zaune a otal da kwamfutarsa.

Ɓoyewa da bayyanawa

Babbar hujjar masu kulle manhaja ita ce tsaro: idan aka bayyana rauni, ɓarayi za su sani. Abubuwa biyu da suka faru sun isa auna wannan hujja.

Hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, ta san wani rauni a Windows, ta riƙe shi a matsayin makami. Aka sace makamin, wata ƙungiya mai suna Shadow Brokers ta watsa shi a Afrilun 2017. Microsoft ya riga ya fitar da faci a watan Maris, amma ɗimbin hukumomi ba su sa ba. Ranar 12 ga Mayu, manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila kaɗai an soke ganin likita kusan sau 19,000. Wanda ya taka mata birki matashi ne ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, wanda ya bi cikin manhajar, ya ga wani adireshin intanet da take tuntuɓa, ya yi masa rajista da kuɗin da bai kai dala 11 ba, sai yaɗuwar ta tsaya.

A ɗaya gefen, a Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa ta Linux yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Mutum dubu za su ga wannan su wuce. Shi ya bi diddigi, har ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a wata ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakon mai kula da manhajar, wanda ɗan sa-kai ne da aiki ya yi wa yawa, har ya samu amana, sannan ya dasa ta. Freund ya shelanta ranar 29 ga wata, aka cire ta kafin ta kai ga manyan nau'o'in Linux da bankuna da gwamnatoci ke dogaro da su. Ya iya ganowa ne domin manhajar a buɗe take, babu kuma lauyan da zai aiko masa da takardar gargaɗi. Labarin ya kuma tona wani abin kunya: kamfanoni masu cin ribar biliyoyin daloli na jingine da aikin mutum ɗaya da ba sa biya.

Darasin a fili yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma hana mutane nuna tsagar ba ya liƙe ta. Ɓarawo ba ya neman izinin kowa kafin ya duba. Dokar da ta hana dubawa mai gaskiya kaɗai take hanawa.

Abin da za a iya cewa a kansu

Akwai ƙorafi na gaskiya, kuma bai kamata a share shi ba. Tarbiyyar da aka san Bahaushe da ita ta hana shiga gidan mutum ba sallama, ta kuma hana bin diddigin asirin mutane. Kyakkyawar niyya ba ta halatta haurawa katanga. Sannan taken nan na kada a kulle bayani, idan aka ɗauke shi da faɗinsa, wauta ce mai haɗari: takardar asibitin mace, da asusun ɗan kasuwa, da sunan wanda ya tsegunta wa ɗan jarida labari, duk bayanai ne, kuma kulle su wajibi ne.

'Yan dandatsa da kansu sun riga kowa gane haka. Ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus, wadda aka kafa a 1981, ta yi wa aƙidar da Levy ya tattara ƙari mai muhimmanci: kada a yi ɓarna a bayanan mutane, a yi amfani da bayanan hukuma da na jama'a, a kare na ɗaiɗaikun mutane. A Nuwamban 1984, bayan hukumar gidan waya ta Jamus ta yi biris da gargaɗinsu game da raunin tsarin BTX, 'yan ƙungiyar sun janyo kusan mak 135,000 daga wani bankin Hamburg a dare guda, suka shelanta wa 'yan jarida, ba su kuma riƙe kuɗin ba. Hanyar tana da kaushi, shi ya sa daga baya aka samar da ladabin da ya fi wannan: a sanar da mai kaya a asirce, a ba shi wa'adi, a taɓa iya abin da zai tabbatar da raunin kawai, sannan a bayyana. Rukunin Project Zero na Google, da aka kafa a 2014, yana ba kamfanoni kwana 90. Ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta gayyaci 'yan dandatsa a 2016 su nemo mata raunin shafukanta, ta biya su lada.

Gaskiya ne kuma cewa gwaninta ba ta sa mutum ya zama nagari. Hutchins, gwarzon WannaCry, an kama shi a Amurka bayan wata uku, a 2019 kuma ya amsa laifin rubuta manhajar satar bayanan banki tun yana matashi. Kamfanin NSO na Isra'ila ya tara ƙwararru na gani na faɗa, suka ƙera Pegasus, manhajar leƙen asiri da aka samu a wayoyin 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Amma wa ya tona Pegasus? A Agustan 2016 wani ɗan rajin kare haƙƙi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Ahmed Mansoor, ya samu saƙon da bai yarda da shi ba, ya tura wa masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto. Suka kwance shi, suka sanar da Apple, kafin ƙarshen watan aka toshe kafar a wayoyin duniya. Ilimin da ke hannun NSO shi ne ke hannun Citizen Lab. Abin da ya raba su aƙida ce, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa maganar aƙida ta fi kowane lokaci muhimmanci, yanzu da ake sayar da wannan gwaninta ga duk gwamnatin da ke da kuɗi.

Doka kuwa ta sha kasa rarrabewa. Aaron Swartz, wanda tun yana ɗan shekara 14 ya taimaka wajen tsara RSS, ya sauke miliyoyin maƙalun ilimi daga rumbun JSTOR ta hanyar sadarwar MIT. Ana iya cewa ya yi kuskure. Amma JSTOR ya karɓi kayansa ya ce ba zai bi shi kotu ba, gwamnati kuwa ta ɗora masa tuhume-tuhume 13, da barazanar ɗaurin gomman shekaru. A Janairun 2013 ya kashe kansa yana da shekara 26. Sai a 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta taƙaita fassarar dokar 1986, a Mayun 2022 kuma ma'aikatar shari'a ta ce ba za ta ƙara tuhumar mai binciken tsaro da kyakkyawar niyya ba. Beljiyam ta ba irin waɗannan masu bincike kariyar doka a 2023, bisa sharuɗɗa.

Inda abin ya shafi Najeriya

Najeriya ta tattara hoton fuska da zanen yatsun miliyoyin mutane a ƙarƙashin NIN da BVN, ta ɗaure su da layin waya, da asusun banki, da jarrabawar JAMB. A Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafuka na sayar da bayanan 'yan ƙasa a kan naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta wace kafa bayanan suka fita, masu bincike masu zaman kansu ne suka ankarar da jama'a.

Ita kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta fi yin suna ne da sashe na 24, wanda aka yi ta kama 'yan jarida da shi, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kafin a yi masa kwaskwarima a Fabrairun 2024. A ƙasar da rubutu a Facebook ke iya kai mutum ofishin 'yan sanda, matashin da ya ga rauni a shafin jami'arsu ko manhajar bankinsa zai yi lissafi mai sauƙi. Idan ya faɗa, yana iya kwana a tsare. Idan ya yi shiru, babu abin da zai same shi. Idan kuma ya sayar, akwai masu saye.

Gyaran wannan lissafi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Majalisa ta rubuta ƙarara cewa wanda ya gano rauni, bai ɓata komai ba, bai kwashi bayanan kowa ba, ya kuma kai rahoto cikin lokaci, ba mai laifi ba ne. Kowane banki, jami'a da ma'aikata su buɗe adireshin karɓar irin wannan rahoto, da mutumin da zai amsa. Gwamnatin da za ta sayi manhaja da kuɗin jama'a ta sa sharaɗin cewa masana masu zaman kansu za su iya duba ta. Editoci kuma su riƙa kiran ɗan damfara da sunansa, ɓarawo da nasa, su daina lulluɓe su da mayafi ɗaya da mai bincike.

Wanda ke ganin tsoratarwa ta fi sauƙi, ya dubi abin da ya samu jam'iyyar CDU ta Jamus. A 2021 wata mai bincike, Lilith Wittmann, ta gano cewa manhajar yaƙin neman zaɓen jam'iyyar ta bar bayanan dubban mutane a fili, ta kai rahoto ga hukumomi da jam'iyyar. CDU ta shigar da ƙara a kanta. Da surutu ya yi yawa ta janye, ta ba da haƙuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: Chaos Computer Club ta shelanta cewa daga ranar, duk raunin da ta gano a na'urorin jam'iyyar, ba za ta ƙara gaya mata ba.